Wane taki ya dace da zaitun, kuma me yake yi wa mansa?

Alhajin Jega:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malaman gona da duk wanda ya san itacen zaitun a aikace. A bayan lambuna na mangwaro akwai wani fili na tudu, jigawa ce mai jan yashi, inda na dasa zaitun a 'yan shekarun baya daga dashen da na saya a hannun wani mai sayar da itatuwa. Duk farkon damina ina zuba musu kashin kaji daga gonar maƙwabcina, in ƙara musu yuriya idan an zo sa wa masara, da rani kuma ana ba su ruwan burtsatse a kai a kai. Itatuwan sun yi tsayi, ganye ya yi duhu, toho ba ya yankewa, amma har yanzu ban ga fure ba. Ina so in san takin da ya dace da wannan itace, kuma shin abin da ake zuba wa ƙasa yana shafar ingancin man da za a matsa daga baya, ko kuwa iyakarsa yawan 'ya'ya? Niyyata dai mai ce, ba inuwa ba.

Malamin Gona, Argungu:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, zan fara da tambayarka ta biyu, domin amsarta ce za ta buɗe ta farkon. Abin da ake zuba wa ƙasa yana shafar man ƙwarai, kuma a cikin sinadaran da itace yake ci babu wanda tasirinsa ya fito fili kamar naitirojin, wanda shi ne kashi 46 cikin ɗari na buhun yuriya, shi ne kuma ya sa kashin kaji ya fi takin shanu zafi. Masana a Jami'ar Ƙurɗuba ta ƙasar Sifaniya sun buga wani bincike a 2006 da ya nuna cewa idan aka wuce ƙima wajen ba zaitun naitirojin, sinadaran da ake kira folifenol suna raguwa a cikin man, ɗacinsa ya ragu, kuma ya daina jure doguwar ajiya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a wasu ƙasashe sun tafi a kan haka, har suka ƙara da cewa kason kitsen oleyik, wanda saboda shi ake yabon man zaitun, yana sauka, kitsen da ke saurin lalacewa kuma ya hau.

Dalilin shi ne itace yana da iyakar abincin da yake iya haɗawa a ganyensa, kuma idan ya samu naitirojin a yalwace sai ya karkatar da abincin wajen yin sabon reshe da sabon ganye, ya rage abin da yake kashewa wajen haɗa sinadaran da yake kare kansa da su daga ƙwari da ƙishirwa. Waɗannan sinadaran kariya su ne folifenol, su ne kuma suke ratsawa cikin mai lokacin matsa su hana iska lalata shi. Manoman Aliero sun san irin wannan a albasa: wadda aka cika wa yuriya takan yi katon kai da kaurin wuya ta burge mai kallo, amma ita ce take fara ruɓewa a rumbu. Ganye mai duhu da toho mara yankewa da ka siffanta alamar itacen da ya ƙoshi har ya wuce ne, kuma shawarata ta farko ita ce ka ɗauke masa yuriya gaba ɗaya a bana.

Ɗan Mafara:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin an tsallake babbar magana an kama ƙarama. Kafin a yi zancen ingancin mai sai an samu 'ya'ya, kuma rashin furen da Alhaji yake kuka da shi ba na jin taki ne ya jawo shi. Zaitun itacen gaɓar Bahar Rum ne, inda ake ruwa da sanyi a lokaci guda, a yi rani da zafi ba ɗigon ruwa. Ba ya fure sai ya sha makonni na sanyi mai ɗorewa, irin wanda ma'aunin zafi yake zama ƙasa da digiri 13 ko kusa da haka, kuma zafin rana yana rushe abin da sanyin dare ya tara. Hunturunmu na Disamba da Janairu yana sa mu rufa da bargo da asuba, amma kafin azahar an haura digiri 30. A jihar Rajastan ta Indiya gwamnati ta shigo da dashen zaitun masu yawa tun wajen 2008, da ƙwararru da kayan ban ruwa na zamani, duk da haka wasu gonakin suka ƙi yin 'ya'yan kirki, har aka koma sarrafa ganyen ana yin shayi. Idan haka ta faru a inda sanyinsu ya fi namu, ban ga amfanin mu zauna muna auna kashin kaji a Jega ba.

Malamin Gona, Argungu:
Ɗan'uwa, maganar sanyi gaskiya ce, kuma babu takin da zai maye gurbinsa. Sai dai abubuwa biyu suna iya haɗuwa a kan itace ɗaya. Ko a ƙasashen da sanyi ya wadata, zaitun da aka cika wa naitirojin da ruwa yakan jinkirta fure, don haka Alhaji ba zai san ko sanyin Jega ya kasa ba sai ya cire abin da yake hannunsa ya ga abin da ya rage. Akwai kuma tambayar da ya kamata ya amsa mana, wato ko dashen daga yankan reshe aka yi shi ko daga ƙwallo. Na yankan reshe yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 5, na ƙwallo kuwa yana iya haura shekara 10 yana yarinta, kuma idan ya yi 'ya'yan ma ba lallai su yi kama da na uwarsa ba.

Alhajin Jega:
Mai sayarwar ya ce mini yankan reshe ne da aka kawo daga ƙasar Masar, amma bai san sunan irin ba. Na lura dai ganyen dogo ne siriri, bayansa fari-fari.

Hajiyar Gusau:
Salamu alaikum. Ni ba manomiya ba ce, sana'ata matsar man gyaɗa da na riɗi, ina kuma sayar da man zaitun na kwalba da nake sarowa a Kano. Malam, wani abu a bayaninka ya ɗaure mini kai, domin ka ambaci raguwar ɗaci kamar asara ce. A wajenmu akasin haka ne. Akwai wani kwali da na taɓa sarowa wanda mansa kore ne, idan ka ɗanɗana sai ka ji ɗaci a bayan harshe, bayan ɗan lokaci kuma wani yaji ya kama maƙogwaro har ka yi tari. Mata da dama suka dawo mini da shi suna cewa jabu ne ko an gauraya shi da wani abu, suka zaɓi wani ruwan ɗorawa mai laushi da ba ya da ɗanɗanon komai. To idan masu saye mai laushi suke so, me zai hana manomi ya zuba takinsa ya samu 'ya'ya da yawa da mai mara ɗaci?

Malamin Gona, Argungu:
Hajiya, wancan da aka dawo miki da shi alamu sun nuna shi ne mai kyan. A ƙa'idar Majalisar Zaitun ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Madrid a 1959, abubuwa uku ne masu ɗanɗana mai suke lissafawa a matsayin yabo: ƙamshin ɗanyen 'ya'ya, ɗaci, da yajin maƙogwaro. Yajin da ya sa ki tari wani sinadari ne daga dangin folifenol mai suna oliyokantal. Tarayyar Turai ma ba ta yarda a rubuta a jikin kwalba cewa folifenol ɗin man yana kare kitsen jini ba sai an samu aƙalla miligiram 5 na wani folifenol mai suna haidiroksitairosol da danginsa a cikin kowane giram 20 na man. Yawancin masu sayen man zaitun a ƙasar nan don lafiya suke saye, saboda ambatonsa da ya zo a Alƙur'ani a Suratut Tin da Suratun Nur, kuma a ganina bai dace a sayar musu da man da aka rage wa abin da suka zo nema ba.

Ta fuskar kasuwancinki ma lissafin yana komawa can. Man da folifenol ɗinsa ya yi ƙaranci shi ne yake fara canza wari a kan kanta, balle a zafin Gusau na watan Afrilu, balle kuma idan kwalbar fara ce tana shan hasken rana. Amma kada a ɗauka duk mai laushi taki ne ya lalata shi. Iri yana da nasa rabon: Pikwal na yankin Hayen a Sifaniya da Koratina na kudancin Italiya masu ɗaci ne tun asali, Arbekina kuwa mai laushi ne ko a wace ƙasa aka shuka shi. Lokacin tsinka ma yana da nasa, domin 'ya'yan da aka tsinka suna kore sun fi waɗanda suka yi baƙi ɗaci, ko da yake mansu bai kai yawa ba. Wani man kuma an tace shi ne a masana'anta da zafi da sinadarai, aka wanke masa ɗanɗano da launi, sannan aka ɗiga masa ɗan na ainihi.

Hajiyar Gusau:
Na gode, Malam. Akwai lambar da nake gani a wasu kwalabe, 0.8 ko 0.5 cikin ɗari, an ce ma'aunin tsami ne. Shi ma daga taki yake zuwa?

Malamin Gona, Argungu:
Rabon taki a cikinsa kaɗan ne. Wannan lambar tana auna yawan kitsen da ya warware ne a cikin man, ba a jin sa a harshe, sai a ɗakin gwaji. Man da ake rubuta wa Extra Virgin, wato mai daraja ta farko, ba a yarda ya wuce 0.8 cikin ɗari ba, mai bi masa kuma 2.0. Abin da ya fi ɗaga lambar shi ne raunin 'ya'ya: waɗanda ƙudan zaitun ya huda, waɗanda aka tsinto daga ƙasa, da waɗanda aka cusa a buhu suka kwana biyu ko uku suna ɗumi kafin a kai su inji. Inda taki yake shigowa shi ne naitirojin mai yawa yana sa 'ya'ya su yi taushi da ruwa-ruwa, su yi saurin ƙujewa, rassa kuma su cunkushe iska ta kasa ratsawa, cutar ruɓewa ta samu wurin zama.

Ɗalibi daga Aliero:
Assalamu alaikum iyayena. Baba Malam, ina neman izinin sa baki. Mun yi maganar abin da za a cire, ba mu yi ta abin da za a zuba ba, alhali jigawar da Baba Alhaji ya siffanta ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, kuma ruɓaɓɓen ciyayin da ke cikin irinta ba ya kai kashi 1 cikin ɗari a mafi yawan wurare. A jihar Kebbi muna da ɓuntun shinkafa tuli-tuli a bayan injinan casa, ana cinna masa wuta don a rabu da shi. Idan aka turara shi a cikin durom da aka toshe wa iska, sai ya zama gawayi maimakon toka, kuma wannan gawayin cike yake da ƙananan ramuka da suke riƙe danshi da sinadarai, ga shi yana daɗewa a ƙasa shekaru masu yawa bai narke ba. Ina ganin shi ne maganin matsalar Baba, kuma zai ƙara wa man inganci.

Malamin Gona, Argungu:
Ɗana, shawararka ta dace da jigawa, amma ƙarshen maganarka ya yi gaba da hujja. Gawayin ɓuntu yana gyara yashi, yana rage saurin tsiyayewar ruwa, yana kuma ɗan rage tsamin ƙasa. Aikinsa a kan mai kuwa ba kai tsaye ba ne, ta hanyar ruwa da abincin da saiwa take samu ne, don haka yana iya faɗawa ta kowane ɓangare. Wani abin da masu ban ruwa ya kamata su sani shi ne zaitun da ya ɗan sha ƙishirwa a lokacin da ƙwallonsa yake ƙosawa yana ba da mai mai folifenol fiye da wanda aka jiƙa shi sharkaf, shi ya sa gonaki da yawa a Sifaniya suke rage ruwa da gangan a wannan lokacin. Ke nan wanda ya zuba gawayi ya ci gaba da ban ruwa yadda ya saba, ya mayar da ƙasarsa mai danshi dare da rana, zai iya samun mai mara ƙarfi. Amfanin gawayin shi ne ya ba ka damar rage ruwa ba tare da itace ya galabaita ba.

Sannan ba a zuba shi tsurarsa. Sabon gawayi yana zuƙe sinadaran da ya tarar a ƙasa kafin ya fara saki, saboda haka sai a cakuɗa shi da takin shanu ko na awaki, a yayyafa ruwa, a rufe tulin ya yi makonni yana ruɓewa. Ɗanyen ɓuntu da ɗusar katako kuwa idan aka binne su suna cinye naitirojin ɗin ƙasa wajen ruɓewa, idan aka jibga su a jikin gindin itace kuma gara ce za ta amsa gayyata. A bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu tsakanin taki da gindi, a zuba shi a da'irar da inuwar rassa take ƙarewa, domin a nan ƙananan saiwoyi masu ci suke.

Bakabe a Jauf:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina aiki a wata gonar zaitun a yankin Jauf da ke arewacin Saudiyya, kusa da iyakar Jodan, kuma zan faɗi abin da idona yake gani. Da farko ina goyon bayan Ɗan Mafara a kan sanyi. Mutanenmu suna jin an ce Saudiyya sai su ɗauka zafin Makka ne ko'ina, alhali a nan da hunturu akwai asubar da za ka tarar ruwan da ya kwana a bututu ya daskare. Wannan sanyin ne yake sa itatuwan fure idan bazararsu ta shigo.

Ƙasar nan yashi ce da farin dutse, ba ta fi jigawarmu albarka ba. An jera itatuwan kusa da juna kamar shinge, kowane layi da siririn bututu mai ɗiga ruwa, kuma a cikin ruwan ake narka taki kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a sa taki da ka. A tsakiyar zafi, wajen watan Yuli, ana ba mu jakunkunan takarda mu bi layi muna tsinko ganye daga tsakiyar sabon reshen bana wanda ba ya ɗauke da 'ya'ya, daidai tsayin kafaɗa, daga kowane gefen itace, a kai ɗakin gwaji. Sakamakon ne yake faɗin abin da za a zuba. Kuma da zarar 'ya'ya sun fara tara mai ana ɗauke naitirojin, a ƙara fotasiyam. Lokacin tsinka kuma motocin ba sa jira a cika su gobe, abin da aka tsinka yau a yau ake niƙa shi, ana tsare zafin ƙullun kada ya haura digiri 27.

Malamin Gona, Argungu:
Madalla da wannan shaida. Ma'aunin da ake bi a gwajin ganyen sananne ne: naitirojin tsakanin 1.5 da 2.0 cikin ɗari na busasshen ganye ya wadatar, fotasiyam kuma ana so ya haura 0.8, idan ya sauka ƙasa da 0.4 itacen yana cikin yunwa. Fotasiyam shi ne sinadarin da 'ya'yan zaitun suke kwashewa da yawa daga gona duk shekara, kuma ƙarancinsa yana sa 'ya'ya ƙanana, bakin ganye ya ƙone, itace ya kasa jure ƙishirwa. A yashi irin namu shi da boron, wani sinadarin da itace yake buƙata kaɗan-kaɗan, su ne suke saurin wankewa da ruwan damina. Ƙarancin boron yana hana fure ɗaurewa, yana kuma sa 'ya'ya su fito a murguɗe, sai dai tazarar da ke tsakanin isarsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, don haka ba abin da mutum zai watsa da hannu ba ne ba tare da gwaji ba.

Tokar murhu tana da fotasiyam da kalsiyam, kuma ta dace da jigawarmu da take da ɗan tsami, domin zaitun ya fi sakewa a ƙasar da ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 6.5 da 8. A zuba ta da sauƙi, kuma kada a haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a lokaci guda, domin tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska. Su mutanen Bahar Rum da tunkuzar zaitun ɗin kanta suke mayar wa ƙasa fotasiyam ɗinta, bayan sun ruɓar da ita, saboda ɗanyarta tana ƙona tsiro. A Italiya har doka aka yi a 1996 da ta ƙayyade yawan ruwan da ya rage bayan matsar zaitun da za a iya watsawa a kowace hekta a shekara.

Alhajin Jega:
Wani dattijo ya ba ni shawarar in riƙa jiƙa kanwa ina zuba musu, ya ce tana ƙarfafa itace. Akwai kuma masu kawo takin juji a amalanke da araha. Me kuka gani?

Ɗan Mafara:
Alhaji, ka nisanci kanwa. Gishirin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, kuma mu da muke noma a ƙarƙashin madatsar Bakolori mun san abin da sodiyam yake yi wa gona. Akwai filayen da ruwa ya daɗe yana kwanciya a kansu har farin gishiri ya fito a fuskar ƙasa, ƙasar ta daskare ruwa ya daina shiga, sai an zuba jifsam, wani farin ma'adini mai kalsiyam, an wanke ta kafin ta dawo. Zaitun yana jure gishiri fiye da mangwaro da lemo, amma juriya ba so ba ce, 'ya'yansa ƙanƙancewa suke yi. Abin da ba ya jurewa ko kaɗan shi ne ruwa ya kwanta masa a saiwa, shi ya sa duk mai tunanin kai shi fadama ko ƙasar laka ya haƙura, a Agusta ɗaya zai rasa shi.

Hajiyar Gusau:
Maganar juji kuma mu mutanen Zamfara ba ma ɗaukarta da wasa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma ta cikin ƙasar tsakar gida da ƙura ta bi. Jujin gari a yau ba irin na da ba ne da yake toka da shara da kashin dabbobi, yanzu akwai fasassun batura da ledoji da tarkacen gareji. Wanda zai matsa mai ya sayar wa masu neman lafiya bai kamata ya zuba abin da bai san asalinsa ba a gindin itacensa.

Malamin Gona, Argungu:
Na yarda da ku duka biyu. A kan juji zan ƙara cewa ganyen ya fi man haɗari, domin ƙura tana zama a kansa, kuma mutanenmu suna tsinkarsa su dafa su sha. Sannan Alhaji ya binciki abin da aka taɓa nomawa a filin. Akwai wata cutar ƙasa mai suna batisiliyam da take toshe jijiyoyin ruwa na zaitun reshe ya bushe da ganyensa a maƙale, tana iya zama a ƙasa fiye da shekara 10, kuma auduga da tumatir da gauta suna cikin masu ɗaukarta. A kudancin Sifaniya ta yi ɓarna sosai a gonakin zaitun da aka kafa a tsofaffin filayen auduga. Kada a shuka waɗannan a tsakanin layuka, kuma kada a yi taki da karansu.

Ɗan Mafara:
Ina nan dai a kan bakana, Malam. Mu ɗauka an cire yuriya, an zuba gawayi da toka, Allah ya kawo hunturu mai ƙarfi itacen ya yi fure. Furen zai buɗe ne wajen Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da zafi yake tunkarar digiri 40 da busasshiyar iska, kuma irin wannan yanayi yana ƙona fure kafin ya ɗaure. Wanda ya tsira zai tara mansa a cikin damina, ga zafi ga laima. A lardunan Katamarka da La Riyoha na ƙasar Ajantina an shuka Arbekina da yawa a wurare masu zafi, sai aka tarar kitsen oleyik na man yana faɗuwa, wani lokaci har ƙasa da kashi 55 cikin ɗari da ƙa'idar duniya ta gindaya, alhali man na gaskiya ne ba gauraye. Zafi ne ya yi wannan, kuma babu gyaran ƙasar da ya iya hana shi.

Malamin Gona, Argungu:
Labarin Ajantina haka yake, kuma shi ne ma ya sa na matsa a kan naitirojin. Zafi yana saukar da oleyik, naitirojin mai yawa shi ma yana saukar da shi, ruwa mai yawa yana saukar da folifenol, ga damina da ba mu da ikon tsayar da ita. Manomin Safakis a Tunisiya, inda ruwan shekara bai fi milimita 200 da 'yan kai ba, yana ba kowane itace tazarar mita 24 ta kowane gefe don saiwa ta samu inda za ta nemi danshi. Mu kuwa a Birnin Kebbi muna samun ninki uku ko huɗu na wannan ruwan a cikin wata huɗu, don haka namu aikin shi ne fitar da ruwa: a yi wa itace tudu, a buɗe masa hanyar da ruwa zai wuce, a rage rassan tsakiya iska ta shiga. Idan da za a sake dashe, iri mai yawan oleyik tun asali kamar Pikwal ko Koratina ya fi Arbekina dacewa da wuri mai zafi, domin ko ya sauka yana da inda zai sauka.

Ɗalibi daga Aliero:
Baba Alhaji, tunda itatuwan suna da dama, me zai hana a raba su gida biyu a bana? Rabi a bar su yadda ake yi musu, rabi a ɗauke musu yuriya da kashin kaji, a ba su ruɓaɓɓen takin shanu da gawayi da toka kaɗan, a kuma janye musu ruwa daga Nuwamba zuwa Janairu kamar yadda masu mangwaro suke yi don su jawo fure. Idan ka yarda zan zo in ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya da na taƙi uku, in haɗa da ganye, mu kai a auna.

Alhajin Jega:
Na yarda, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Layukan gabas za su zama na gwajin, domin su ne suke da famfonsu daban. Malam, janye ruwan gaba ɗaya za a yi ko ragewa?

Malamin Gona, Argungu:
Ragewa, Alhaji, domin a jigawa ɗauke ruwa ɗungurungum a cikin iskar hunturu yana iya zubar da ganye, kuma a hammatar ganyen reshen bara fure yake fitowa. Ka riƙa duba su da sassafe, idan ka ga ganye ya kwana a naɗe bai buɗe ba, a ba su ruwa a ranar. Kada kuma a sare musu rassa kafin ƙarshen Maris, sai an ga waɗanda suka yi fure da waɗanda ba su yi ba.